Ɗan Gida Ya Zama Na Kowa: Yadda Jami'o'in Lakros a Amurka Ke Fama da Riƙe Yaran Garinsu

A watan Fabrairun 2013, ƙungiyar lakros ta Jami'ar Albany ta je har gida ta doke Jami'ar Syracuse da ci 16 da 15, bayan an yi ƙarin lokaci sau biyu. Kafin ranar, Albany ba ta taɓa yin nasara a kan Syracuse ba. Shan kaye a wasan farko na kaka ba wani abin tashin hankali ba ne, domin a shekarar ma sai da Syracuse ta kai wasan ƙarshe na ƙasa. Abin da ya tsaya wa magoya bayanta a rai shi ne mutanen da suka yi musu aika-aikar. Jagororin 'yan gaban Albany su ne Miles Thompson da ƙanensa Lyle, tare da ɗan'uwansu Ty Thompson. Miles da Lyle kuwa sun tashi ne a ƙasar Onondaga, wadda daga can zuwa harabar Jami'ar Syracuse ba a yin rabin sa'a a mota. Yayansu Jeremy ya sa rigar Syracuse a 2010 da 2011. Su kuma suka tsallake ta, suka yi tafiyar sama da sa'a biyu gabas, zuwa makarantar da ba ta taɓa ɗaga kofin ƙasa ba.

Shekara ta zagayo, a ƙarshen Mayun 2014, aka ba wa Miles da Lyle kyautar Tewaaraton, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara. Su ne 'yan asalin ƙasar Amurka na farko da suka karɓe ta, kuma karo na farko ke nan da aka raba ta tsakanin mutum biyu. Lyle ya sake lashe ta shi kaɗai a 2015, ya bar Albany da maki 400, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. A 2018 Albany ta koma Syracuse ta lallasa ta 15 da 3.

Ga wanda bai san wasan ba: lakros ana yin sa ne da sanda mai 'yar raga a kanta, da ita ake cafe ƙwallon roba mai tauri, a yi gudu da ita, a jefa wa abokin wasa ko a ɗirka ta a raga. Maza goma-goma suke shiga fili, mata goma sha biyu-biyu. Asalinsa na ƙabilun da Turawa suka tarar ne a Arewacin Amurka, musamman tarayyar Haudenosaunee, wadda Onondaga ke cikinta, kuma har yau a wurinsu wasan yana da matsayi na ibada da neman waraka. A 2028 zai koma gasar Olamfik a Los Angeles, da salon 'yan wasa shida-shida. Amma inda yake da kasuwa a Amurka shi ne jami'o'i, inda ƙungiyoyin maza sama da 70 ke fafatawa a rukunin farko na hukumar NCAA.

Lokacin da gona take bayan gida

Shekara da shekaru lakros wasan wasu 'yan yankuna ne ƙalilan: Baltimore da kewayenta a jihar Maryland, tsibirin Long Island, tsakiyar jihar New York, sai wasu sassan Kanada. Jami'ar da Allah Ya ajiye a ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba ta buƙatar wahalar nema. Syracuse ce babban misali. A yamma da garin akwai makarantar sakandaren gwamnati ta West Genesee, inda koci Mike Messere ya shafe sama da shekara 40 yana horar da yara, ya ci kofin jiha sau 15 kafin ya yi ritaya a 2018. John Desko, wanda ya ja ragamar Syracuse daga 1999 zuwa 2021, ɗalibin wannan makaranta ne. Daga arewa, a ƙaramin garin Carthage, aka sami 'yan gida ɗaya su uku, Casey da Ryan da Mike Powell, waɗanda suka yi ta miƙa wa juna riga mai lamba 22, rigar da ake ba tauraron ƙungiyar. Daga kudu kuma ga Onondaga, wadda alaƙarta da jami'ar ta daɗe: Oren Lyons, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan dattawan al'ummarsa, shi ne mai tsaron ragar Syracuse a 1957, shekarar da suka gama kaka ba a doke su ba, tare da Jim Brown.

Sakamakon ya bayyana a fili. Daga 1983 zuwa 2004, shekara 22 a jere, Syracuse ba ta taɓa fashin zuwa wasan kusa da na ƙarshe ba. Tana da kofin NCAA guda 10 a hukumance, ban da na 1990 da hukumar ta soke. Na ƙarshensu shi ne na 2009.

Sai dai akwai abin da masu begen wancan zamani kan manta. Ko a lokacin ma ba 'yan gida zalla suka gina ƙungiyar ba. Jim Brown daga Long Island ya zo. Tagwayen nan Gary da Paul Gait, waɗanda suka sauya fasalin wasan a ƙarshen shekarun 1980, daga Victoria suke, can gaɓar yammacin Kanada. Abin da Syracuse take da shi a da shi ne zaɓin farko: ta tsince na gida son ranta, ta cike gurbi da na nesa. Yaron garuruwan kewaye irin su Camillus ko LaFayette ba ya ganin wata babbar ƙungiya da idonsa sai ita, kuma kociyoyin nesa ba sa ganinsa sai da ƙyar. Rashin hanyar ganin juna shi ne katangar da ta tsare mata yaranta. Wannan katanga ce ta rushe.

Abin da ya rusa katangar

Na farko, masu saye sun yi yawa. Michigan ta shiga rukunin farko a 2012, Marquette a 2013, Utah a 2019. Rukunin Big Ten, mai tarin kuɗin talabijin daga ƙwallon ƙafar Amurka, ya fara gasar lakros a 2015. A shekarar ce kuma Denver, ƙarƙashin Bill Tierney, ta ci kofin ƙasa, karo na farko da ya bar gabashin ƙasar. Duke ta ci a 2010 da 2013 da 2014, Notre Dame a 2023 da 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan makarantu da ke zaune a tsohuwar cibiyar wasan, don haka dole su shigo gonar wasu su yi girbi. Dubi Long Island. Brennan O'Neill na Bay Shore ya tafi Duke, ya ci Tewaaraton a 2023. Pat Kavanagh na Rockville Centre ya ci ta a 2024 a Notre Dame, inda shi da ƙanensa Chris suka ɗauki kofi biyu a jere. A tsibirin da suka baro akwai Hofstra da Stony Brook, dukkansu a rukunin farko, kuma babu wadda ta taɓa cin kofin ƙasa na maza. Da Bahaushe ne ke zaune a tsibirin, da ya ce gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa.

Sannan hanyar da ake gano yaro ta sauya gaba ɗaya. A da kocin sakandare ne ƙofa. Shi zai ɗaga waya ya kira kocin jami'a, wanda galibi abokinsa ne ko tsohon ɗalibinsa, ya ce ina da yaro. Yanzu kulob-kulob masu zaman kansu ne suka karɓe wannan aiki. Iyaye suna biyan dubban daloli a shekara, a kwashi yara lokacin hutun bazara zuwa manyan gasanni a Maryland ko Pennsylvania, inda kociyoyin jami'o'i da dama ke jere a bakin fili da kujerunsu da takardunsu. Bidiyon kowane yaro yana intanet. Kocin da ke Colorado yana iya sanin yaron Syracuse kamar yadda kocin garin ya san shi. Wasu yaran ma tun kafin su gama sakandare sun bar gida, sun tafi makarantun kwana masu tsada irin su Culver a Indiana ko IMG a Florida. Wanda ya saba da zaman nesa tun yana ɗan shekara 15, ba za ka riƙe shi da zancen kusa da gida ba.

Wannan tsere ya kai inda ya zama abin kunya. Kafin 2017 ana karɓar alkawarin yaran da ba su ma shiga babbar sakandare ba, 'yan shekara 13 da 14, cewa za su zo jami'a kaza bayan shekara huɗu ko biyar. Kociyoyin da kansu suka kai ƙara, kuma a Afrilun 2017 NCAA ta hana duk wata tuntuɓa tsakanin koci da yaro sai ranar 1 ga Satumba ta shekararsa ta biyun ƙarshe a sakandare. Dokar ta yi amfani, babu musu. Amma ta cire wa makarantar gida wata 'yar dama da take da ita. Yanzu kowa ranar ɗaya yake farawa: wayar yaron da ake rububi za ta fara ƙara, kuma kiran kocin unguwarsu ɗaya ne kawai cikin kira masu yawa.

Maganar kuɗi ita ce gaskiyar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Shekaru da dama doka ta ƙayyade wa ƙungiyar maza tallafin karatu 12.6 kacal, ta mata 12, alhali ƙungiyar maza kan ɗauki 'yan wasa 45 zuwa 50. Ke nan yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, wani ya sami kwata, wani rabi, wani ko sisi. Syracuse jami'a ce mai zaman kanta, kuma kuɗin shekara guda a cikinta, da makaranta da ɗaki da abinci, ya haura dala dubu 80. Uban da ke aikin albashi a garin, ko da an yafe masa kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ya fi ƙarfinsa. Garin kansa ba kamar da ba ne. A 1950 mutanen Syracuse sun kai dubu 220, a ƙidayar 2020 kuwa ba su cika dubu 150 ba, bayan masana'antu sun yi ta rufewa. Shi kansa kamfanin Carrier, wanda filin wasan jami'ar ya ɗauki sunansa daga 1980 zuwa 2022, ya daɗe da kwashe aikin ƙera na'urorinsa daga yankin. Iyalai sun ragu, yara sun ragu, masu iya biya sun ragu.

Akwai kuma lissafin da iyayen lakros ke yi wanda iyayen 'yan ƙwallon kwando ba sa yi. Gasar ƙwararru ta PLL, wadda Paul Rabil ya kafa ta fara a 2019, ba ta biyan albashin da mutum zai gina rayuwarsa a kai, kuma da yawa daga 'yan wasanta suna da wani aikin na daban. Saboda haka sanda hanya ce ta samun digiri, ba sana'a ba. Idan Yale ko Princeton ko Cornell ta ce wa yaro zo, to ta buɗe masa ƙofar da da wuya ya shiga da sakamakon jarrabawa kaɗai, duk da cewa jami'o'in rukunin Ivy ba sa ba da tallafin wasanni ko kaɗan, sai dai tallafi bisa ƙarfin iyaye. Ben Reeves, daga Macedon kusa da Rochester, Yale ya tafi, ya kai ta ga kofinta na 2018, ya ci Tewaaraton. Wane uba ne zai ce masa ya zauna don kishin yanki? Ni dai ban ga laifin yaron da ya yi wannan lissafi ba, kuma mai zaginsa a filin wasa, da ɗansa ne, shi zai kai shi tasha.

Ko an riƙe yaro ma, ba a gama ba. A Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa zai sa sunansa kowace makaranta ta gani. A 2021 aka ba ɗan kowane irin wasa damar sauyawa ya fara wasa nan take ba tare da zaman shekara guda ba, kuma a Yulin shekarar aka halatta masa samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Ita kanta Albany ta ɗanɗana. TD Ierlan, ɗan garin Victor a jihar New York, gwanin ƙwatar ƙwallo a tsakiyar fili lokacin take wasa, yana cikin waɗanda suka kai ta wasan kusa da na ƙarshe a 2018. Kakar na ƙarewa ya koma Yale, daga baya ya ƙarasa a Denver. Ƙaramar makaranta ta gano yaro, ta raine shi, babba ta zo ta ɗauka a nune.

Waɗanda suka riƙe nasu

Duk da haka akwai waɗanda suka iya, kuma ya kamata a dubi yadda suka yi. A Stony Brook, Joe Spallina ya gina ƙungiyar mata kusan kacokan da 'yan matan Long Island, da yawansu waɗanda manyan makarantu ba su waiwaya ba. Kylie Ohlmiller ta garin Islip ta bar makarantar a 2018 riƙe da tarihin NCAA na yawan maki da yawan taimakawa a ci. A shekarar ƙungiyar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasa, ba a doke ta ba sai a zagayen 'yan takwas, inda Boston College ta fitar da ita. Jami'ar gwamnati ce, kuɗinta da sauƙi ga ɗan jiha, kocin kuma ɗan tsibirin ne da ya san kowane fili da kowane kocin sakandare. A Baltimore, Loyola ta ɗauki Pat Spencer daga makarantar Boys' Latin da ke garin, ya ci Tewaaraton a 2019, kafin ya koma ƙwallon kwando har ya kai ga Golden State Warriors. Ita ma Albany abin da ta yi ke nan da 'yan gidan Thompson: kocinta Scott Marr ya ɗauki Miles, ya ba su salon wasa mai sauri da sakin mara, irin wanda suka tashi da shi a bayan gida, ya kuma ba su damar yin wasa tare. Bayansu wasu yaran Haudenosaunee suka bi sahu, irin su Tehoka Nanticoke. Wannan kuwa ya faru ne duk da cewa tun 2006 Syracuse tana da shirin tallafin karatu na musamman ga 'ya'yan Haudenosaunee.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara da cewa yaro zai zo don garinsu ne. Kowannensu ya yi zawarcin ɗan gida kamar baƙo, ya ba shi dalilin da ya wuce kusanci.

Zama a gida ma yana da nasa nauyi, wanda ba kowane matashi ne ke so ba. Jordan Evans ya fito daga sakandaren Jamesville-DeWitt, 'yan mintuna daga jami'ar, ana yi masa kallon na ɗaya a ƙasa cikin sa'o'insa na 2013. Ya zauna, aka ba shi lamba 22. Ya yi shekara huɗu ana auna shi da Gait da 'yan gidan Powell, a garin da kowa ya san iyayensa da makarantarsa. Yaran da ke tasowa sun ga wannan. A Duke ko Notre Dame, idan ka yi wasa mara kyau ranar Asabar, ba za ka haɗu da malaminka na firamare a kanti ranar Lahadi ba.

Ita Syracuse ta zaɓi hanyarta. Gary Gait ya karɓi ƙungiyar a 2021, kakarsa ta farko a 2022 ta ƙare da nasara 4 da rashin nasara 10. Ya fita nema. Lamba 22 ta koma hannun Joey Spallina na Mount Sinai a Long Island, wanda shi ne ɗan Joe Spallina ɗin nan na Stony Brook: mutumin da ya yi suna wajen riƙe 'yan tsibiri, ɗansa ya haye arewa. Gefensa akwai 'yan Kanada irin su Owen Hiltz na Peterborough. Da su ne a 2025 Syracuse ta koma wasan kusa da na ƙarshe, karo na farko tun 2013, inda Maryland ta tsayar da ita. Kofin shekarar kuwa Cornell ce ta ɗauka, maƙwabciyarta ta Ithaca, karo na farko tun 1977, da koci ɗan Cincinnati, Connor Buczek, da tauraro ɗan New Jersey, CJ Kirst. Tsakiyar New York ta dawo kan gaba, amma da 'ya'yan wasu.

A ganina manyan makarantu ba su ne abin tausayi a wannan lamari ba. Wanda aka ɗauke wa yaro ɗaya zai ɗauko biyu daga Ontario. Inda abin ke ciwo shi ne ƙasa da su. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House da NCAA, wanda ya ba jami'o'in da suka shiga tsarin damar raba wa 'yan wasansu kuɗi har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ya soke iyakar tallafin karatu, ya maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa: 48 ga lakros na maza, 38 ga na mata. A takarda, makaranta mai hali tana iya ɗaukar nauyin dukkan 48 ɗin. Mafi yawan kuɗin ƙwallon ƙafar Amurka da kwando za su cinye, amma ko ɗan ƙarin da lakros zai samu a manyan rukunai irin su Big Ten ko ACC ya isa ya faɗaɗa ratar da ke tsakaninsu da irin su Albany, Hofstra, Binghamton, Hobart, da Le Moyne, wadda ke dab da garin Syracuse, ta ci kofin rukuni na biyu sau shida kafin ta hau rukunin farko a 2023. Waɗannan su ne makarantun da ɗan gida ya zame wa jari, domin ba su da kuɗin yawon ƙasa.

Iyakar 48 ɗin kuma tana da wanda za ta fara taɓawa. A da koci yana iya barin gurbi biyu ko uku a ƙarshen benci ga yaron unguwa da bai sami tallafi ba, wanda iyayensa ba su iya biyan kulob ba, ya zo ya gwada sa'arsa, wani lokaci ya zama abin mamaki a shekara ta uku. Idan gurabe suka zama a ƙirge, kuma rajistar sauya sheƙa tana cike da 'yan shekara 22 da suka riga suka goge, wannan yaron ne za a fara sallama. Shi ba Duke ce ta ɗauke shi ba, ba kuma Yale ba. Magoya bayan da ke ƙirga taurarin da suka tafi, gara su fara ƙirga yaran makarantun gwamnati na Camillus da LaFayette da Carthage da suka rage a jerin sunayen ƙungiyoyin yankinsu, su kuma tambayi kociyoyin gurbi nawa aka bar musu cikin 48 ɗin.